Wace kalma za mu ba "whitewater" da Hausa?

'Yan uwa, ku taya ni neman kalma. Na yi kwana takwas a kogin Sun Kosi na ƙasar Nepal, daga Dolalghat da ke gabas da Katmandu har zuwa Chatara inda kogin ke fita daga tsaunuka, tafiyar kusan kilomita 270. Da rana tuƙi, da dare a kafa tanti a kan rairayin gaɓa. Na zauna zan rubuta labarin da Hausa, sai alƙalami ya tsaya a kan kalmomi biyu.

Ta farko ita ce sunan jirgin, kayak. Kalmar ba ta Turawa ba ce, su ma aro suka yi daga mutanen Inuit na yankin ƙanƙara, waɗanda ke lulluɓa fatar dabbar teku a kan firam na itace ko ƙashi su fita farauta. Na yanzu na roba ne. Mutum ɗaya yake ɗauka, ƙafafu a miƙe a ciki, an rufe bakin da wani siket da ke manne a ƙugu don kada ruwa ya shiga, filafilin kuma baki biyu gare shi. Na so in ce "kayaki" don ya zauna a baki, sai na ga ya yi karo da jam'in kaya. Don haka na bar shi kayak, a ambato na farko in ce kwale-kwalen mutum ɗaya ne. Wannan bai hana ni barci ba.

Wadda ta hana ni barci ita ce "whitewater", sunan da Turawa ke ba wurin da kogi ke gudu da ƙarfi tsakanin duwatsu har ruwan ya yi fari.

Wani ɗan uwa ya ce a fassara kai tsaye, farin ruwa. Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Kunnena in ya ji farin ruwa, ruwa mai tsabta yake ji, wanda ba a zuba masa komai ba. "Ruwan kumfa" kuma wanki yake tuna min. Wata 'yar uwa ta kawo "mahaukacin ruwa", akwai daɗin faɗi, amma ruwan nan yana da ƙa'ida. Jagoranmu kan sa mu fito gaɓa, mu hau dutse, ya nuna da filafili: ga harshen ruwa mai santsi da za a bi, ga ramin da za a kauce wa, ga inda ruwa ke komawa baya a bayan dutse, nan ake fakewa a huta. Abin da ake iya karantawa haka ba za a kira shi mahaukaci ba.

Me ke sa ruwan fari? Iska. Kogi ya gangaro da ƙarfi, ya matse tsakanin duwatsu, ya faɗa a kan kansa, sai ya haɗiye iska ya zama kumfa. Ruwan da ya cika da iska ba ya ɗaukar nauyi kamar sauran ruwa. A Harkapur, wani wuri mai irin wannan ruwa a kogin Sun Kosi, na ga haka da idona: abokin tafiyarmu ya dasa filafili cikin farin, filafilin ya nutse kamar bai taɓa komai ba, kayak ya kife. Daƙiƙa kaɗan muna ganin jan gindin jirgin kawai, sannan ya murɗa ƙugu ya juyo sama, ruwa na tsiyaya daga hular kwanonsa. Ina kallon wurin daga kan dutse, ruwa na tasowa daga ƙasa yana fashewa yana sake tasowa, sai na ce a raina: wallahi tukunya ce a kan wuta.

Daga nan na samo "matafasa", wato wurin da kogi ke tafasa, a kan tsarin mashiga da mahaɗa da magangara. Jam'i matafasai. Sai mu ce tuƙin matafasa, ko "Harkapur ce matafasa mafi wuya a tafiyar". Ma'aunin wuyar ruwa da ake amfani da shi a duniya, daga mataki na 1 zuwa na 6, shi ma ya zauna: matafasa mai mataki na 4. Na 6 kuwa shi ne wanda ko gwanaye ke saba jirgi a kafaɗa su zagaye ta tudu.

Na san inda za a kama ni. Tafasa zafi ne, wannan ruwa kuwa daga Himalaya yake saukowa, yatsu har ƙagewa suke. Amma ai muna cewa zuciya ta tafasa, ba wanda ya kawo ma'aunin zafi. Motsin muke nufi.

Magangara na bar wa inda ruwa ke faɗowa daga sama a tsaye, don kada biyun su cakuɗe. Masunta da matuƙa kwale-kwale da ke cikinmu, in kakanninku na da sunan irin wannan wuri, ku faɗa min in ajiye tawa in ɗauki tasu. Kafin nan, matafasa zan rubuta.