Yaya za a gane malamin ƙarya tun kafin ya yi ɓarna?

Rifkatu: Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Masu wa'azin kwanakin ƙarshe sun yi yawa a Facebook da WhatsApp. Wasu har suna faɗin shekarar dawowar Yesu, kuma ana cewa addu'arsu na warkarwa. Da me za mu auna su?

Dattijo Bulus: 'Yata, fara da batun rana, don shi ne mafi sauƙi. Matiyu 24:36 ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba. Duk wanda ya yanka rana ya riga ya kauce. William Miller da mabiyansa a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, Harold Camping ya ce 21 ga Mayu 2011, duk ba abin da ya faru. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta raba gardama: annabcin da bai cika ba, ba daga Ubangiji ya fito ba. Warkarwa kuwa ba hujja ba ce, gama Matiyu 24:24 ta ce annabawan ƙarya ma za su nuna manyan alamu. Ki tambaya ko yana shaida Yesu ya zo cikin jiki (1 Yahaya 4:2), ki kuma buɗe ayar da ya ja, ki karanta surar gaba ɗaya kamar mutanen Biriya, waɗanda suka riƙa bincika Nassi don su tabbatar da abin da Manzo Bulus ya koya musu. A nan asirin yawancinsu ke tonuwa, don rabin aya suke yankowa.

Malam Ishaya: Gaskiyar Baba ce. Ni dai na fi tsoron yadda suke raba mutum da jama'arsa. Da farko a ce ikkilisiyarka matacciya ce, sai a hana ka shawara da iyali, sai a ce ka sayar da gona tunda duniya ta zo ƙarshe. Haka aka bi da mutanen Kanungu a Uganda: an yi musu alkawarin ƙarshen duniya a ƙarshen 1999, ranar ta wuce, ran 17 ga Maris 2000 ɗaruruwa suka ƙone cikin majami'a. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono gawawwaki fiye da 400, bayan an koya wa mutane su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Ki duba kuɗi ma. Wa ke lissafin baiko? Yana sa wa mai ko ruwan addu'a farashi? Bitrus ya tsawata wa Saminu mai sihiri a kan neman sayen baiwar Allah da kuɗi.

Mama Saratu: A yi hattara dai, ba duk mai kuskure ne malamin ƙarya ba. Afolos, wani mai wa'azi a zamanin manzanni, bai san komai duka ba, Akila da matarsa Bilkisu suka ja shi gefe suka ƙara masa haske. Rifkatu, in a ikkilisiyarku ne, ki rubuta abin da ya faɗa da ranar, ki samu shaidu biyu ko uku (1 Timoti 5:19), ki kai wa fasto da dattawa kafin maganar ta shiga WhatsApp. In an gyara masa ya ƙi, sai a hana shi bagadi.