Duk wanda ba Musulmi ba ɗan wuta ne?

Na-Mabera: Salamu alaikum 'yan aji. Magana ɗaya gare ni, mai jin haushi ya ji. Duk wanda ya mutu ba Musulmi ba wuta zai shiga, babu wani dogon Turanci. Aya ta 85 a Ali Imrana ta rufe zance: wanda ya nemi wani addini ba Musulunci ba, ba za a karɓa masa ba, kuma a Lahira yana cikin masu hasara. Na ga wasunmu sun fara lanƙwasa harshe don kada a kira su masu tsauri.

Likita: Wa alaikumus salam. Na san da ni kake, ƙanena. Ban musa ayar ba, tambaya na yi, kuma har yanzu ba ka amsa ba. Mutanen duniya sun haura biliyan 8, Musulmi kusan biliyan 2 ne, ɗaya cikin huɗu ke nan. Ni da kai a Sakkwato aka haife mu, aka yi mana huɗuba a kunne, aka kai mu makarantar allo tun ba mu san dama da hagu ba. Da a Anacha cibiyarka take, da Baibul za ka riƙe kana wannan zafin. Da a Banaras ta Indiya ce, da Hindu kake. To wane aiki ka yi kafin a haife ka da ya sa kai ka tsira, shi ya ƙone?

Na-Mabera: Falalar Allah ce, Yaya Likita, yana ba wanda ya so. Ba a tambayarsa abin da ya aikata.

Hajiya Ta-Gawon Nama: Ba a tambayarsa, gaskiya ne, amma shi da kansa ya faɗa mana yadda yake hukunci. Isra'i aya ta 15: ba mu kasance masu azabtarwa ba sai mun aiko manzo. Me ya sa kullum waccan kake ɗaukowa kana barin wannan? Duk a Alƙur'ani ɗaya suke.

Na-Mabera: Ai an aiko Manzon, Hajiya. Shekara 1400 da ɗoriya ke nan. Ga hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim: babu wani Bayahude ko Banasare da zai ji labarin Annabi (SAW), ya mutu bai yi imani da abin da aka aiko shi da shi ba, face yana cikin 'yan wuta. Yau wa zai ce bai ji ba, ga waya a aljihun kowa?

Ɗan Zuru: In an yarda Kirista ɗaya tilo na ajin ya sa baki. Abin da Na-Mabera ya faɗa bai ba ni haushi ba, don irinsa nake ji ranar Lahadi, sai dai a juye. Yohanna 14:6: Ni ne hanya, ni ne gaskiya, ni ne kuma rai, ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurina. A cocinmu da wannan ayar ake cewa ku ne ke cikin haɗari. Mahaifiyata har addu'a take yi wa abokaina Musulmi, da hawaye, don ta yi imani suna kan hanyar halaka. 'Yan Katolika sun ɗan sassauta. A babban taronsu na Batikan, 1962 zuwa 1965, sun rubuta cewa wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, yana kuma neman Allah da zuciya ɗaya, zai iya tsira, har sun ambaci Musulmi da suna. Fastocinmu da yawa ba su yarda da hakan ba. Mu ma muna da namu Na-Maberan.

Shugaban Aji: A kiyaye harshe don Allah. Ba zagin addinin kowa, ba ambaton annabawa da rashin ladabi. Wanda ya ƙetare zan cire shi, ko da ɗan ɗakinmu ne.

Ɗan Arkilla: Ni fa lissafin ɗan kasuwa nake yi. In na yi imani ya zama babu komai bayan mutuwa, ban yi asara ba. In na ƙi, ya zama akwai, na shiga uku. Sai a bi inda ba a faɗuwa.

Likita: Wannan lissafin wani Bafaranshe, Pascal, ya yi shi tun ƙarni na 17, kuma ka san inda ya kai shi? Coci. Lissafin yana aiki in ƙofa biyu ce, imani ko rashinsa. In ƙofofin sun yi yawa, kowace tana cewa sauran wuta ce, bai gaya maka wadda za ka shiga ba. Kuma imanin da aka yi don kada a yi faɗuwa, anya sunansa imani?

Malam Na-Kanwuri: Bismillah. Kun cakuɗa mas'ala uku, shi ya sa kuke ta zagaye. Ta farko, wane addini ne gaskiya. A wurin Musulmi babu saɓani, Musulunci ne, kuma Na-Mabera bai yi kuskure da ya kawo ayar ba. Ɗan Zuru ma bai nemi mu ce duk ɗaya ne ba, shi ma bai yarda da hakan ba. Ta biyu, wa hujja ta tsayu a kansa. A nan malamai sun yi dogon zance. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Aswad ɗan Sari'u cewa mutum huɗu za su kawo hanzari ranar Ƙiyama: kurman da ba ya jin komai, da mai taɓin hankali, da tsoho tukuf, da wanda ya mutu a tsakanin annabawa ba manzon da ya iske shi. Za a jarraba su a can, a umarce su da shiga wata wuta, wanda ya bi umarni ta zame masa sanyi da aminci. Ash'ariyya, wadda ita ce aƙidar da aka karantar a zaurukan garin nan, ta tafi a kan cewa babu azaba kafin saƙo ya iso. Maturidiyya sun ce hankali kaɗai ya isa ya wajabta wa mutum sanin Mahalicci. Sannan Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a cikin littafinsa Faisalut Tafriƙa ya kasa waɗanda ba Musulmi ba kashi uku. Akwai waɗanda ko sunan Annabi bai kai gare su ba. Akwai waɗanda suka ji sunansa da siffofinsa da mu'ujizozinsa, suka zauna da Musulmi, suka ƙi. Sai na uku, waɗanda sunan ya kai musu amma a gurɓace, tun suna yara ake ce musu wani maƙaryaci ne ya yi da'awar annabta, Allah ya tsare. Gazali ya ce waɗannan hukuncinsu ɗaya da na farko, don abin da suka ji ba ya zaburar da mutum ya yi bincike. Ta uku, wane ɗan wane, yana wuta ko ba ya wuta. Wannan sai wanda nassi ya ambata, irin Fir'auna da Abu Lahabi. A duniya muna bin zahiri: wanda ya mutu ba Musulmi ba ba ma yi masa sallar jana'iza, ba ma roƙa masa gafara, Tauba aya ta 113. Makomarsa kuwa ba a ba mu takardar ba.

Na-Mabera: Allah ya gafarta Malam, Gazali ya yi magana ne a zamanin raƙumi. Yanzu akwai intanet.

Hajiya Ta-Gawon Nama: To sai ka tambayi kanka abin da intanet ɗin ke nuna musu. Tsohuwa a ƙauyen Japan ko manomi a Burazil, in ya ji an ce Musulunci a labarai, me yake gani? Bam a kasuwa, 'yan Boko Haram, yaran makaranta da aka kwashe. Wannan shi ne saƙon ya iso? Ni a ganina kashi na uku na Gazali yau ya fi na zamaninsa yawa, kuma da hannunmu a ciki.

Baba Malam: Ɗiyana, na karanta abin da kunka rubuta duka. Wanga zance ba baƙo na ba ga garin ga. Zamanin Shehu Usmanu an yi wasu ɗalibbai da sunka karanci ilimin tauhidi, sunka riƙa kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin hankali kan samuwar Allah da siffofinai. Cewa su kai imanin gado ba imani na ba. Shehu ya tashi tsaye ya yi musu raddi cikin littattafai da yawa. Ko malaminai, Malam Jibrilu ɗan Umaru, da yat tafi ga kafirta masu manyan zunubbai, Shehu ya saɓa mai, da ladabi. Kuma ku duba wasiƙun da Bello ɗan Shehu da Shehu Laminu na Barno sunka yi wa juna kan wa za a kira kafiri, suna nan cikin littafin Bello, Infaƙul Maisuri. Manya na, masu takobi ga hannu, amma sai da sunka zauna sunka rubuta hujja.

Na-Mabera: Baba, a gafarce ni, amma duk wannan a kan masu cewa La'ilaha illallahu ne. Ni kan waɗanda ba su faɗe ta ba nake magana.

Baba Malam: Gaskiyarka, ba mas'ala guda ta ba. Abin da ni ka nuna maka shi na, in an ce gado bai isa hujja ba, da kai za a fara. In an tsai da kai yanzu an ce kawo dalilin da ya sa ka zaɓi Musulunci bisa sauran addinai, mi za ka ce wanda ɗan Anacha ba ya iya cewa ga nashi? Je ka yi karatu, ka san dalilinka.

Likita: Nan nake son a zo tun ɗazu. Ni abin da ya fi kwantar min da hankali labarin Salmanul Farisi ne. Ɗan masu bautar wuta, ya bar gida ya bi Kiristoci, yana tashi daga hannun wannan malami zuwa wancan, aka sayar da shi bawa, har ya ƙare a Madina. Mutum ne da bai tsaya a kan abin da ya tarar ba. Amma mu nawa ne muka taɓa yin ko kwatankwacin wannan neman, da har muke tuhumar wasu da rashin yin sa?

Ɗan Zuru: Tambayar ta same ni ni ma. Ban taɓa karanta Alƙur'ani daga farko zuwa ƙarshe ba, alhali a cikinku na girma, na ci tuwon sallarku. A kason Gazali ina jin ni a na biyu nake, ko Malam?

Malam Na-Kanwuri: A zahiri ka fi kusa da nan, ba zan yi maka daɗin baki ba, shi ya sa nake kiranka zuwa Musulunci yau kamar yadda na kira ka muna makaranta. Fassarar Hausa ta Sheikh Abubakar Gumi tana nan, zan aiko maka. Amma in yanke maka makoma, a'a. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ni kaina ban san da me zan cika ba. A Muslim akwai labarin wanda ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah ya gafarta wa wancan, ya rushe aikin mai rantsuwar.

Ɗan Zuru: Aiko, zan karanta. Ni ma zan haɗo maka da Linjilar Yohanna, kada ka ce ban rama ba.

Na-Mabera: Ni dai ban sauka daga kan hadisin Abu Huraira ba. Ranar Juma'a bayan La'asar zan zo Kanwuri da Sahihu Muslim, mai sharhin Nawawi, a buɗe a gaban kowa.

Malam Na-Kanwuri: Zo da shi. Ka riga ka duba ƙarƙashin hadisin kafin ka taso, Nawawi ya ce a cikinsa akwai dalilin cewa wanda kiran Musulunci bai kai gare shi ba yana da uzuri.

Na-Mabera: Wanda bai kai gare shi ba. Bai ce wanda ya kai masa a gurɓace ba. Sai Juma'ar.