Abin da aka ce kan man goge ƙarfe

Jiya a rumfar masu walda nan Gusau aka yi ta gardama kan man nan da ake goge ƙarfe har ya yi ƙyalli, ga abin da na tsinta. Manyan sun ce ba shafe ba ne, ci yake yi, akwai ƙananan ƙwayoyi masu kaifi cikin kitse ko kaki, su ke kankare saman ƙarfen kaɗan kaɗan har ƙarzunan su yi ƙanƙantar da ido baya gani, shi ya sa tsumman ke yin baƙi, ƙarfen ne da kansa ke fita.

In ƙarzunan sun yi zurfi kar ka wahalar da kanka, fara da samfefa mai lamba 400, sai 800, sai 1200 tukuna, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi. Man kala-kala ne: baƙin na aikin farko ne, ruwan ƙasa na alminiyam da tagulla, kore na sitenles (ƙarfen nan mai wuyar tsatsa), ja na zinare da azurfa. Kowane da tsummansa, kar a haɗa.

Wani dattijo ya ja kunnen yaran kan salansar babur, wai rufin ƙyallin siriri ne, ka matsa hannu ka cinye shi, sai tsatsa. Ni dai nan na fi yarda da shi wallahi.