Tsohon lensi a kan Sony a6000 da Canon 600D: adafta ɗaya ta isa?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum manya. An kawo mini tallan lensi biyu na gwanjo a Ikeja, na zamanin kyamarar fim: Helios 44-2 da Canon FD 50mm. Tawa Sony a6000 ce, ta abokin aikina Canon 600D. Adafta ɗaya za ta yi mana? Kuma za su iya aikin biki?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Ba za ta yi ba, kowane baki, wato inda lensi ke haɗuwa da kyamara, da adaftarsa. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoto a cikinta. Ta Sony E, bakin a6000, milimita 18 ce, ta Canon EF, bakin 600D, 44. Helios bakin M42 ne, na murɗawa, yana neman 45.46, FD kuwa 42.

To, a kan Sony ba ka da matsala. Adaftar zoben ƙarfe ne kawai da ke cike giɓin, wajen milimita 27 da rabi ga Helios, 24 ga FD, babu gilashi a ciki. A kan 600D Helios zai zauna da siririn zobe. FD ne ba zai yi ba, don 42 bai kai 44 ba, abin da ke nesa ba zai taɓa fita tas ba. Akwai adafta mai gilashi da ke gyara wannan, amma tana dusashe hoto, asarar kuɗi ce. Ka bar FD wa Sony. Adaftar FD tana da zobe mai Lock da Open. In ba ka juya shi zuwa Lock ba, ƙofar haske za ta tsaya a buɗe ko me ka murɗa.

Mai Hoto Idi-Araba:
Ƙari a kan bayanin Baban Ilham. Kafin komai shiga menu na Sony ka kunna Release w/o Lens, in ba haka ba kyamarar za ta ƙi ɗauka, tana ganin babu lensi. Fokas da hannu ne kacokan, saboda haka ka kunna Peaking da Focus Magnifier, masu taimaka maka ganin inda fokas ya zauna, ka sa kyamarar a A ko M a kan maɓallin juyawa na samanta.

Sensar a6000 ƙarama ce, ana ninka milimitar lensi da 1.5, sai 58mm na Helios ya koma kamar 87mm. Kuma ba ta da mai hana rawar hannu a jikinta, kada saurin shata, wato saurin ɗaukar hoto, ya sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa. Amarya a zaune, ko ango da abokai a tsaye, Helios zai ba ka bayan hoton nan mai juyawa da ake yayi a f/2, wato ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya. Wurin rawa da liƙi kuwa, oga, koma kan mai fokas da kansa.

Alhaji Gyara:
Ɗana, kafin ka biya ka haska fitilar waya ta bayan lensin ka leƙa ta gaba. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, kuma laimar Legas abincinta ne, musamman Yuni da Yuli. In ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko an wanke tabon na nan. Ƙura kaɗan ba komai. Murɗa zoben fokas daga farko har ƙarshe, in yana cijewa man ciki ya bushe.

Ajiya kuma ba cikin jakar fata ba. Roba mai murfi da ke rufe ruf, da ƙullin silika a ciki, laima ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50.