Komawa lakwal bayan aikin ƙari a ƙwaƙwalwa, ya kunka yi?

Wata uwa daga unguwar Zariya: Salamu alaikum ƴan uwa. Yarona shekara 9, bara anka yi mishi aikin ƙari a ƙwaƙwalwa can Yamai, daga baya rediyoterapi wato magani da haske, alhamdu lillahi ya miƙe har suma ta soma fitowa. To ga rantire ta matso cikin Oktoba, shi yana ta murna ni ko gabana faɗuwa yake, CE1 ya bari a tsakiya. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Wani uba daga Bagalam: Hajiya Allah ƙara sauƙi. Kuskuren da munka yi kar ki maimaita shi, mun maida ɗiyata ba mu gaya ma kowa komi ba don gudun surutu. Jiki lahiya lau a ido, amma dikte in an kai layi na uku ita tana na farko, abin da ta hardace da dare da safe ya gudu, sai mushe, malaminsu, ya ɗauka lalaci ne har ya buge ta, ranar da na ga shatar a hannunta ban yi barci ba wallahi. Sai da likita ya ce min aikin da hasken kan rage saurin fahimta da riƙe abu, wani lokaci har bayan shekara yake bayyana. Ki je wurin darakta tun kafin a buɗe, da takardar likita a hannu.

Wata malamar CE2: Gaskiyarka Alhaji. Na taɓa samun ɗaya, kunnensa guda ya yi rauni bayan magani. Benci na gaba na sa shi, kunnen mai kyau yana wajena, na rage mishi kwafi, kompozishon kuma ina ƙara mishi lokaci. Ajina yara sun fi 70, ba zan ce da sauƙi ba, amma in an gaya muna muna iyawa. Su yaran na ce musu ba a ɗauka, a daina taɓa tabon.

Wata gwaggo daga Sabon Gari: Namu an sa mishi ɗan tiyo daga kai zuwa ciki mai janye ruwa. Mun gaya ma madam in ya yi ciwon kai da amai ko barci mai nauyi ta kira mu nan take, kar ta ce zazzaɓi ne. Sau ɗaya ya yi farfaɗiya a fili yara sunka watse wai ana ɗauka ta yawu, babu gaskiya a ciki. A kwantar da shi ta gefe, kar a sa komi a baki, in ta wuce minti 5 sai likita. Lokacin zafi Afrilu da Mayu da safe kawai yake zuwa.

Uwar daga Zariya: Na gode, Allah saka. Litinin zan je wurin darakta. Malama, in roƙa ya sake CE1 ɗin ko ya bi abokansa? Su yake ta ambato tun muna Yamai.