Alamar tauraro tana tsallake wasu fayiloli a Linux

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Na rubuta ƙaramar manhaja da Python domin tattara hotunan takardun ɗaliban wata makaranta a nan Katsina, inda na yi amfani da glob (kayan aikin Python na neman fayiloli ta tsarin sunansu) da tsarin *.jpg, wato duk fayil da sunansa ya ƙare da .jpg. A kwamfutata mai Windows tana kwaso komai, amma da na ɗora ta a kan sabar mai Ubuntu (wani nau'in Linux) sai ta bar kusan rabin hotunan ba tare da ta nuna wani kuskure ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin takardun yara ne kuma zango ya kusa ƙarewa.

Injiniya daga Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, fara duba ƙarshen sunayen da aka tsallake. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, amma Linux tana bambantawa, saboda haka hoto.JPG da hoto.jpg fayiloli biyu ne daban a wurinta, kuma glob yana bin ɗabi'ar wadda yake kai, Windows ko Linux. Rubuta *.[jJ][pP][gG], ko kuma, idan kana da Python 3.12, ka yi amfani da Path.glob tare da case_sensitive=False. Ni na fi son na biyun, domin wanda zai gaji aikin zai fahimci nufinka.

Malama ta Ƙofar Ƙaura:
Ina goyon bayan Injiniya. Sai dai idan daga layin umarni kake miƙa tsarin, ka sani bash, mai karɓar umarni a Linux, shi ne yake warware tauraron zuwa sunayen fayiloli kafin manhajarka ta gan shi, alhali cmd na Windows yana miƙa shi yadda ka rubuta. Ka killace shi da alamar zance.

Akwai kuma abin da ya shafe mu Hausawa musamman: hamzar da ke cikin kalma kamar jami'a. Word yakan mayar da miƙaƙƙiyar ta zama lanƙwasasshiya, kuma kwamfuta haruffa biyu daban take ɗaukar su, duk da cewa ido da ƙyar yake rabewa. Idan ka sa alamar tambaya a gurbinta cikin tsarin nema, tana kama kowacce.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba, na'urar sikanin ofis ce take rubuta .JPG, wayoyin malamai kuma .jpg. Na gyara kuma hotunan sun cika. Gobe in Allah ya yarda zan bi sunayen masu hamza.