Masu aikin shari'ar iyali, me ya riƙe ku a cikinta?

Ƙaramin lauya, mai tambaya:

Assalamu alaikum manyana. Shekarata biyu da fara aiki, kuma a ofishinmu ni ake tura wa ƙararrakin iyali: saki, riƙon yara, kuɗin ciyarwa, rabon gado. Abokan karatuna sun nufi harkar kamfanoni da filaye, suna ce mini ina ƙarar da ƙuruciyata a kan rigimar da ba ta da ƙarshe. Jiya wata mata ta yi ta kuka a gabana kusan minti ashirin, na rasa abin cewa, na zauna shiru kawai. Na koma gida zuciyata a cunkushe. Ku da kuka daɗe, me kuka samu a ciki? Abin da ya faru da ku nake so in ji.

Lauya, shekara 16 a aiki:

Wa alaikumus salam ƙanina. A shekarata ta biyar na tsaya wa wata uwa a kan riƙon 'yarta mai shekara bakwai. Ta kawo mini saƙonnin waya da tsohon mijinta ya aika mata lokacin da rai ya ɓaci, maganganun da in aka karanta su a gaban alƙali mutumin ba zai ƙara ɗaga kai ba. Na shirya tsaf zan yi amfani da su.

Ranar zama muna jira a barandar kotu, uwar tana wannan bakin benci, uban yana wancan. Yarinyar ta iso da jakar makarantarta, ta dubi wannan ta dubi wancan, sai ta zauna a tsakiya cif ta rungume jakar. Uwar ta ɗan matso, yarinyar ta ɗan gusa, don kada ta fi kusa da ɗaya. Wallahi har yau ina ganin wannan zaman.

Na ja uwar gefe na ce mata, saƙonnin nan za su iya ci mana shari'a, amma ba su shafi yadda yake kula da yarinyar ba, tsakaninku ne, kuma wata rana 'yarki za ta ji abin da aka karanta a kan mahaifinta. Na ce shawara taki ce, in kin ce a karanta zan karanta. Ta kwana biyu ba ta ɗaga wayata. Da ta sauko muka zauna da lauyansa muka tsara: riƙo a hannun uwa, uba yana ɗaukar yarinyar ƙarshen mako biyu a wata da rabin hutun makaranta, kuɗin karatu da na asibiti a kansa. Alƙali ya mayar da yarjejeniyar hukunci. Duk mun karanta yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 3 a kan fifita maslahar yaro, sashe na 9 a kan haƙƙinsa na ci gaba da hulɗa da iyayensa biyu ko sun rabu. Na haddace su don jarrabawa, amma a kan bencin nan na san abin da suke nufi.

Bayan shekara shida aka ce wani mutum yana son ganina. Uban ne. Gabana ya faɗi. Ashe ƙanwarsa ya kawo, aurenta ya mutu ga yara uku. Ya ce, "Barista, na san abin da ke hannunki ran nan. Ita nake so ki tsaya wa."

Dattijon lauya:

Madalla da ke, Barista. Yaro, ni nawa a kan gado ne, kuma ko kotu ba mu shiga ba.

Wata baiwar Allah ta zo mini bayan ta fita takaba. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, babu namiji, iyayensa kuma sun riga shi. 'Yan'uwansa maza, uwa ɗaya uba ɗaya, sun karɓe takardun gida, suka ce tunda ba ta haifi namiji ba sai abin da suka ga dama. Ita ma haka ta ɗauka. Abin da ta zo roƙo kawai shi ne in sa baki su bar ta a ɗaki guda har yaran su girma.

Na ɗauko farar takarda na ja layi 24. Na ce, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya in akwai, uku daga ciki naki ne, tumunin takaba ke nan, aya ta 12 a Suratun Nisa'i. Na zagaye su. Sha shida na 'ya'yanki ne, kashi biyu cikin uku, aya ta 11. Na zagaye su. Biyar ɗin da suka rage su ne na 'yan'uwansa. Ta sa yatsa tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, ta kai 19 ta tsaya. Ta ce, "Baba, sake ƙirga mini." Sau uku na ƙirga.

Na gayyaci 'yan'uwan. Babbansu ya zo da zafi, amma da na gane ba mugu ba ne, rashin sani ne da jin cewa shi ne uban gida yanzu, sai na ba shi girmansa, na miƙa masa takardar na ce ya kai wa duk malamin da ya yarda da shi. Mako bai zagayo ba ya dawo da takardun gidan da kansa. Ɗan abin da na karɓa a aikin nan na manta shi tuni, "sake ƙirga mini" ce ban manta ba.

Lauya mai aikin taimako kyauta:

Baba da Yaya sun faɗi gaskiya, amma ƙanina kada ka tafi da zaton kullum haka take ƙarewa. Akwai fayil a teburina yanzu, an yanke wa uba kuɗin ciyarwa tun bara, ya biya wata biyu ya ɓace. Mun koma kotu sau huɗu. Hukunci a takarda daban, kuɗi a hannun uwa daban, kuma rabin aikina bin wannan tazarar ne. Akwai kuma shari'ar da na sha kaye a cikinta, wadda har gobe na tabbata yaron ba inda ya dace ya tafi ba.

Sulhu alheri ne, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ma ta ce a ɗauko mai sasanci daga danginsa da mai sasanci daga danginta. Amma inda ake duka, ban yarda a tura mace ta zauna teburi ɗaya da wanda take tsoro a ce su daidaita ba. Wata ta zo mini da gyale a rufe da rabin fuska. A ranar na rubuta takardun neman umarnin kotu na hana shi kusantarta, na tsaya a kai har aka sa hannu. Washegari ta aiko mini saƙo layi ɗaya, cewa ta yi barci har gari ya waye. Abin da ya riƙe ni ke nan.

Wata da aka taɓa tsaya mata:

Ku yi haƙuri, ni ba lauya ba ce, amma na zauna a irin kujerar da matar nan ta zauna jiya. Lokacin da aurena ya mutu kowa yana da abin faɗa mini, mai cewa in yi haƙuri, mai cewa kada in yarda. Babu wanda ya bar ni na kai ƙarshen magana. Lauyata ta ajiye biro, ta kife wayarta, ta bar ni na yi kukana na gama. Sannan ta karanta mini takardun layi bayan layi, ta kuma faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa ɗaya daga cikin abubuwan da nake nema ba zan samu ba. Na ji haushi a lokacin, amma daga ranar na daina tsoron kotu. Barista, shirun da ka yi jiya kada ka raina shi.

Ƙaramin lauya, mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, maganarki ta sauke mini wani nauyi. Matar za ta dawo ranar Alhamis, yaranta biyu ne, babban yana da shekara tara. Yaya Barista, in ba damuwa ina so in ga yadda kika rubuta rabon hutun makaranta a yarjejeniyar nan, don uban a wani gari yake aiki, ƙarshen mako ba zai yiwu masa ba.